Ɗinkin Ƙyallaye: Siffar Gida da Itace a Bargon Haɗi, Tare da Misali Daga Ƙasar Birnin Tudu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga rumfar tela a kasuwar Talatar Mafara ana jibi Salla, abin da ƙafarsa za ta fara takawa shi ne ƙyallaye. Ga na atamfa, ga na shadda, ga na yadi, kowanne da launinsa, sun zube a gindin keke. Wasu akan tattara su a cusa matashin kai, wasu mata su karɓa su yi gammo ko su haɗa wa yaro riga, saura kuwa a share a kai juji. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa suke ɗaukar waɗannan ƙyallaye a matsayin kayan aiki.

Wannan muƙala za ta duba yadda ake sarrafa irin waɗannan ƙyallaye a fitar da siffar gida da ta itace, sannan a haɗa su su zama bargo ko zanen gado. Za a fara da bayanin kalmomin aikin, a bi da tushensa cikin sana'o'in Hausawa, a kawo dalilin da ya sa gida da itace suka cancanci a siffanta su, musamman a ƙasar Birnin Tudu da ke Ƙaramar Hukumar Bakura ta Jihar Zamfara, kana a bayyana yadda ake aikin daki-daki. Manufar ita ce a nuna cewa haɗa ƙyallaye tsohuwar fasaha ce a wurin Bahaushe, kuma wanda zai ɗinka gida da itace, ya kamata ya ɗinka irin gidan da aka haife shi a ciki da irin itacen da ya sha inuwarsa, domin ta haka ne bargon zai adana wani abu na tarihi da na harshe.

2.0 Kalmomin Aikin

Hausa ta bambanta tsakanin ƙyalle da tsumma. Ƙyalle shi ne guntun tufa da ya rage bayan an yanka, kuma galibi sabo ne. Tsumma kuwa tufa ce da ta tsufa ta mutu, har ta daina suturta mai ita. Idan riga ta yage aka ɗora mata wani guntu don a toshe ɓarakar, tsofaffin kalmomin da ake da su su ne maho da banki. Kalmar faci, wadda ta fi yawo a bakin mutane yanzu, aro ce daga Ingilishi, kuma ta zarce tufa ta kai ga tayar keke da ta mota. Shafi shi ne tufar da ake ɗinkawa ta ciki don ta ƙara wa riga kauri, kalmasa kuwa ita ce lanƙwasa bakin tufa a ɗinke don kada ya zare.

Akwai hanyoyi biyu na sarrafa ƙyallaye, kuma don sauƙin bayani za a ba kowacce suna a nan. Ta farko ita ce a gama bakin wannan ƙyalle da na wancan a ɗinke, har su zama shimfiɗa guda. Wannan za a kira ta haɗi. Ta biyu ita ce a yanka wata siffa daga ƙyalle, a aza ta bisa wata tufa, a ɗinke gefenta. Wannan za a kira ta ɗori. Idan aka lura za a ga cewa ɗori da maho aiki ɗaya ne a hannu. Bambancinsu yana ga niyya, watau mai maho so yake kada a gani, mai ɗori kuwa so yake a gani. Bargon da ake magana a kansa yana da hawa uku: fuska, wadda ita ce ta ƙyallaye, da ciki, wanda yake ba shi ɗumi, da kuma shafi ta baya.

3.0 Tushen Haɗi da Ɗori a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan yadin kanti, tufar Bahaushe ta haɗi ce. Masaƙin gargajiya yana fitar da sawu ne siriri mai tsawo, sai maɗinki ya jera sawaye ya gama su ɗaya bayan ɗaya kafin a sami abin yin riga ko zane. Babbar riga ta saƙi takan ci sawaye masu yawan gaske, haka kuma turkuɗin Kura ta ƙasar Kano, wanda sawayensa suka yi suna wajen sirantaka. Saboda haka hannun maɗinkin Hausa ya daɗe da sanin yadda ake gama baki da baki ba tare da tufa ta tattare ba.

Misalin da ya fi kusa da bargo mai hawa uku shi ne lifidi, wanda a karin harshen Sakkwato da Zamfara ake cewa lihidi. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, ana cusa auduga ko audugar rimi tsakanin tufa biyu, a bi da ɗinki layi-layi kusa da juna don kada cikin ya taru wuri guda. Kaurinsa ne yake tare kibiya. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Fuskar lifidi sau da yawa ta haɗi ce, watau ja da fari da baƙi da rawaya a yanka su murabba'i ko alwatika a jera. Wanda ya kalli 'yan lifidi a hawan Salla na Kano ko Katsina ko Zazzau, ya ga bargon haɗi a kan doki.

Ɗori kuwa a wurin dukawa ya fi bunƙasa. Ƙasar Sakkwato da Zamfara ta shahara da jima da dukanci, saboda ingancin fatar jar akuya. Baduku yakan yanka fata mai launi, ya aza ta kan wata, ya ɗinke, ya fitar da ado a jikin gafaka ko alabe ko kuben takobi. Dabarar da yake bi da fata ita ce mai ɗori yake bi da ƙyalle.

Bugu da ƙari, tufa mai maho tana da daraja ta musamman a tarihin Musulunci. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa riga mai maho alhali yana shugabancin Musulmi, kuma sufaye sun ɗauki riga mai faci-faci, wadda ake kira muraƙƙa'a da Larabci, a matsayin alamar gudun duniya. Mabiya Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, sun sa jibba mai maho, daga baya mahon ya koma ado da ake yankawa da gangan a ɗora a wurare sanannu. A Sanagal ma, 'yan Bay Fal na ɗariƙar Muridiyya an san su da tufafin haɗin ƙyallaye.

Abin da ba a saba gani ba a ɗinkin Hausa shi ne hoton abu kamar yadda ido yake ganinsa. Adon babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari da dagi, sunayensu na abubuwa ne, amma siffarsu ta layi da kusurwa ce. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan fanni. Don haka fitar da gida da itace a fili ƙari ne a kan abin da aka gada, ko da yake allurar da hannun duk na gida ne.

4.0 Dalilin Zaɓen Gida da Itace

Dalili na farko na addini ne. Malamai da yawa sun hana siffanta abu mai rai, watau mutum ko dabba. Amma ya zo a hadisi cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga siffanta itace da abin da ba shi da rai. Ke nan bargon da aka ƙawata da gida da itace zai shiga ɗakin malami da na amarya ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

Dalili na biyu shi ne cewa a ƙasar Hausa gida da itace ba su rabuwa, domin gidan ma daga itace aka samo rabinsa. Azarar da ake rufin soro da ita daga giginya ake tsaga ta, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cinta da sauƙi. Makubar da ake shafe bango da daɓe da ita daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta. Igiyar ɗaurin jinka akan same ta daga ɓawon kuka, tabarmar shimfiɗa kuma daga kaba. Hatta sunayen launi da mai ɗinki zai yi amfani da su wajen zaɓen ƙyalle, da dama daga itace suka fito: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan makuba, ruwan ganye.

Dalili na uku ya shafi tarihin wurin da aka ɗauka misali. Birnin Tudu yana cikin yankin aikin noman rani na Bakolori. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talatar Mafara, aka kammala ta a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye fili kimanin hekta 8,000, ya haɗiye gidaje da gonaki, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni, ciki har da Sabon Maradun. A ƙasan madatsar kuwa, wajen Talatar Mafara da Bakura, sai da aka baje gonaki aka tumɓuke itatuwa kafin a haƙa hanyoyin ruwa. Manomin da ya gaji ɗorawa ko tsamiya daga kakansa ya wayi gari babu ita, kuma wasu sun shafe damina fiye da ɗaya ba su yi shuka ba.

Rikicin da ya biyo baya a kan diyya ne: diyyar gona, da ta amfanin gona, da ta gida, da ta itace mai amfani. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A cikin watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka ƙone gidaje, aka kashe mutane. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin ne da 'yan kai, wasu masu bincike kuwa sun kawo adadin da ya haura 380. Masana irin su Bjorn Beckman da W. M. Adams sun yi rubutu a kan aikin da abin da ya haifar.

Ba a nan tashin gidaje ya tsaya ba. Tun daga shekarun 2010, hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa mutanen ƙauyuka da dama na Maradun da Bakura da Talatar Mafara barin gidajensu. A wurin da ba a tashi ba ma, ginin bulo da rufin kwano suna maye gurbin tubali da jinka. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin zanko ba, da wuya ya riƙe kalmar. Takardar diyya takan ƙidaya itace ta sa masa kuɗi, amma ba ta faɗin wace kuka ce ake zaman hira a gindinta, ko wace tsamiya ce take iyakar gonar wane da wane. Wannan sani yana kan tsofaffi, kuma ƙyalle da allura suna cikin hanyoyi mafi arha na ajiye shi.

5.0 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

Wasu al'ummu sun riga sun mai da ƙyalle abin adana tarihi. A Abome, babban birnin tsohuwar daular Dahomi da ke cikin Jamhuriyar Benin ta yau, maɗinkan fada sukan yi ɗori a kan tuta da laima don fitar da alamar kowane sarki. Alamar Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ɓauna ce, ta ɗansa Gilele kuwa zaki.

A ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, bayan juyin mulkin soja na 1973, matan da aka kama mazansu da 'ya'yansu sun riƙa ɗinka hotunan unguwanninsu a kan guntun buhu, da gidaje da itatuwa da duwatsu, wani lokaci da ƙyallen tufar wanda ya ɓace. Waɗannan ɗinke-ɗinke sun fita ƙasashen waje, sun zama shaida a lokacin da jarida ba ta iya magana. A ƙauyen Gee's Bend na Jihar Alabama ta Amurka kuwa, baƙaƙen mata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka baje kolin bargunansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Hustan da Niyok, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki.

Abin lura shi ne kowace al'umma abin da ke gabanta ta ɗinka. Zanen gida da ake samu a littattafan ɗinki na Turai da Amurka yana da bututun hayaƙi da rufi mai tsini, ga kuma itacen ƙasar sanyi a gefensa. Wanda ya kwafo wannan a bakin Gulbin Sakkwato ya ɗinka gidan da babu wanda ya taɓa kwana a cikinsa.

6.0 Yadda Ake Aikin

6.1 Kayan Aiki da Shirya Ƙyallaye

Ana bukatar allura da zare, da almakashi mai kaifi, da fil, da alli, da kwali, da abin awo, da dutsen guga. Keken ɗinki yana rage wahala wajen haɗi, amma ɗori ya fi kyau da hannu. Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Ƙyallen auduga, irin na atamfa da alawayyo, shi ya fi dacewa, domin yana karɓar guga kuma ba ya santsi. A guji gama mai kauri da marar kauri a wuri guda, saboda mai kaurin zai ja ɗayan ya yage shi. Yana da kyau a san cewa zamanin da masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, da masaƙar Zamfara ta Gusau suke aiki, akasarin yadin kasuwa na auduga ne. Bayan durƙushewar masaƙun nan a farkon shekarun 2000, yadin da ake shigowa da shi daga waje ya mamaye kasuwa, kuma da yawansa gauraye yake da zaren roba. Hanyar ganewa ita ce a kusantar da ɗan zare ga wuta. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa takan narke ta dunƙule.

Dole ne a wanke ƙyallaye kafin a yanka, ja da shuɗi daban, domin a fitar da sitaci, a kuma gane mai zuba. Ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata uku a wankin farko. Bayan sun bushe sai a goge, a ware su bisa launi: na sama, na ƙasa, na bango, na jinka, na ganye.

6.2 Awo

Akan raba fuskar bargo gida-gida, kowane gida murabba'i mai inci 12 a kowane gefe. Tun da ɗinki zai ci rubu'in inci a kowane baki, sai a yanka inci 12 da rabi. Idan aka jera gida 4 a faɗi, 6 a tsawo, an sami gida 24. Idan kuma aka raba tsakaninsu da siririn yadi mai faɗin inci 2, aka kewaye bakin da irinsa, bargon zai tashi inci 58 a faɗi, inci 86 a tsawo. Shafin bayansa zai ci kusan yadi 5, a raba biyu a gama.

Kowane murabba'i ana fara shi da haɗi. A ɗauki ƙyallen sama, shuɗi mai haske don damina ko ruwan toka don hunturu, wanda zai tashi inci 9, a gama shi da ƙyallen ƙasa wanda zai tashi inci 3. A kan wannan shimfiɗa za a yi ɗori. Ƙa'idar ɗori ita ce a fara da abin da ke baya a ƙare da na gaba.

6.3 Siffar Gida

Ɗakin jinka shi ne mafi sauƙi, don haka da shi ya kamata mai koyo ya fara. A zana bango a kan kwali, faɗi inci 5, tsayi inci 3. A zana jinka alwatika, gindinta inci 7, tsayinta inci 4, don ta zarce bango ta kowane gefe kamar yadda take a zahiri. A aza kwalin a bayan ƙyalle, a zagaye da alli, a yanka tare da barin rubu'in inci na kalmasa. A lanƙwasa bakin a kan kwalin a danne da guga, sannan a zare kwalin. A kafa bango da fil yadda gindinsa zai shiga ƙyallen ƙasa da inci guda, a ɗinke da ƙananan ɗinki da zare mai launin bangon, a ɗora ƙofa baƙa, a ƙare da jinka. Ƙyalle mai ratsi-ratsi ruwan ƙasa, idan aka kwantar da ratsin, yana ba da kamar hawa-hawan ciyawa.

Soro ko shigifa murabba'i ne mai faɗi, ba shi da tsini. Abin da yake fitar da shi shi ne zankwaye a kusurwoyi da indararo a gefe. Zanko ƙarami ne, saboda haka ya fi sauƙi a yanka shi haɗe da bango a ƙyalle guda, a ɗan tsaga lungun da suka haɗu don kalmasa ta kwanta. Indararo kuwa da zare ake fitar da shi. Zaure akan yi masa ƙofa babba, a ja katanga ko darni daga gefensa.

Gidan manomi bai cika ba sai da wurin ajiyar hatsi. Rumbu na kara ko zana ne, rufewa kuwa, wadda a Zamfara ake furta ta ruhewa, ta laka ce, mai ciki kamar tulu, tana zaune bisa duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi, da 'yar jinka a kanta. Da yake gefenta lanƙwasasshe ne, sai an tsattsaga bakin kalmasar kaɗan-kaɗan kafin ta bi da'ira. Kada a manta da duwatsun gindi, domin rufewar da ta zauna a ƙasa kai tsaye, kowane manomi zai ce ba a yi ta daidai ba.

6.4 Siffar Itace

A nan ne ake gane wanda ya lura da wanda bai lura ba. Sanda da dunƙulen kore a kai ba su isa su zama itacen Hausa ba, domin kowane itace da tsayuwarsa. Kuka gindinta ne babba, rassanta gajeru, kuma da rani tsirara take, sai 'ya'ya suna reto. Ana yanka gindin daga ƙyalle ruwan toka, faɗinsa ya kai inci 4, a fitar da ƙananan rassa da ɗinkin sarƙa. Giginya miƙaƙƙiya ce ba reshe, tana da kumburi a sama da tsakiyarta, ganyenta kamar mafici a can ƙoli. Goriba kuwa, ko da yake danginta ce, takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Wanda ya ba giginya reshe ya mai da ita goriba.

Tsamiya kanta a dunƙule yake, ganyenta a cike, don haka kore mai duhu ya dace da ita. Ɗorawa tana da faɗin kai, kuma ana iya rataya mata jajayen furanni masu kamar ƙwallo da ɗan zare. Gawo yana da hali na dabam: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona, tun da ba ya tare wa gero rana. Saboda haka idan murabba'in na damina ne, ga shuka ta yi kore, to gawon da ke ciki ya zama ba ganye. Dogon yaro, wanda ya cika garuruwa yanzu, baƙo ne daga ƙasar Indiya, a ƙarni na 20 ya yaɗu a Arewa. Mai son siffanta tsohon gari sai ya yi hattara da shi.

Wajen ɗinki, gindi ake fara kafawa, sannan a ɗora kai ya rufe ƙarshensa. Atamfa mai ƙananan zane kore da baƙi tana ba da kamar ganye ba tare da an sha wahalar yanka ɗaya-ɗaya ba.

6.5 Haɗawa da Kammala Bargo

Idan gidaje 24 sun samu, sai a shimfiɗa su a tabarma a duba jerinsu kafin a gama. Ana iya bin tsarin gari, watau gulbi da fadama a ƙasa, gonaki a tsakiya, gidaje a sama. A gama su sahu-sahu, a goge kowane ɗinki kafin a ci gaba. Daga nan a shimfiɗa shafi, a aza ciki, a rufa fuska. Tsohon bargo ko gwado ya fi sauƙin sarrafawa a matsayin ciki. Idan auduga ce za a sa, to sai a bi darasin lifidi, layin ɗinki kada ya wuce inci 3 tsakaninsa da ɗan'uwansa, in ba haka ba audugar za ta dunƙule a wanki. A fara ɗinkin daga tsakiya a nufi baki, don kada tufa ta taru. A ƙarshe a naɗe bakin da siririn yadi.

Aiki na ƙarshe shi ne rubutu. A ƙarƙashin kowace siffa a ɗinka sunanta da zare, da boko ko da ajami, kuma da karin harshen wurin: icce, ruhewa, da sauransu. A bayan bargon a sa sunan gari da shekara.

7.0 Kammalawa

An ga cewa haɗi yana cikin sawayen masaƙa da lifidin mayaƙa, ɗori kuma yana cikin aikin dukawa da mahon talaka. An ga dalilin da ya sa gida da itace suka dace da wannan aiki ta fuskar addini da ta rayuwa, da kuma nauyin da suke da shi a ƙasar da ta ga tashin Bakolori da abin da ya faru a Birnin Tudu a 1980. An kuma bayyana awo da matakan aikin.

Abin da ya rage na ɗaliban Hausa ne, musamman 'yan wannan yanki. Kafin a ɗauki almakashi, ya kamata ɗalibi ya zauna da tsoho ko tsohuwa, ya tambayi yadda gidansu na da yake: ina zaure ya fuskanta, rufewa nawa ce, wane icce ne a ƙofar gida, me ake kiran kowane sashe na ɗaki. Ya rubuta kalmomin yadda aka furta su, ya zana abin da aka kwatanta masa, ya mayar wa mai bayanin ya duba ya gyara. Wanda ya yi haka zai fito da jerin kalmomin gini da na itatuwa na karin harshen Zamfara, abin da ya isa kundin neman digiri, kuma iyalinsa za su sami abin rufa da hunturu wanda yaro zai nuna da yatsa ya tambayi sunan abin da ya gani.